Ƙahon da Aka Toshe da Soso

Tun yana saurayi ake kiransa Mai Ƙaho, har matarsa ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa. Ƙahon na tagulla ne mai maɓallai uku, ya ɗan lotse a baki. Da shi ya yi aure, da shi ya ciyar da 'ya'ya, yana busa a bayan mawaƙa a otal-otal da ɗakunan taro.

Yana da ɗan ƙanwa da ya riƙe tun rasuwar uban. Da yaron ya kawo ƙarfi sai ya buɗe situdiyo a saman wani shagon tayoyi. Ɗaki ne matsattse, an lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai, fanka a kashe don kada ƙararta ta shiga waƙa. A tsakiya ga fiyanon lantarki, wanda 'yan sana'ar ke kira sintesaiza: ka danna nan ganga ta amsa, ka murɗa can jita ta ɗauka.

"Kawu," in ji shi wata rana, "ƙahon da ke cikin na'urar nan kukan agwagwa yake yi. Zo ka ara mini naka."

Mai Ƙaho ya wuni a gaban makirfo yana zuba gumi, yana busa sauti ɗaya-ɗaya, dogo da gajere. Ɗan ƙanwar ya yayyanka su, ya ɗora kowanne a kan maɓallinsa. Da ya danna, sai ga busar kawunsa ta fito sak, har da 'yar shaƙewar da ake gane shi da ita. Mai Ƙaho ya yi dariya har da hawaye. Ya koma gida yana ba matarsa labari da alfahari.

Daga nan wayarsa ta fara yin shiru. Sautin ya bi hannu daga situdiyo zuwa situdiyo, kowa ya kwafa. Sai ya ji kansa a tallan sabulu, ya ji kansa a motar haya, yana busa waƙoƙin da bai taɓa sani ba, yana jan numfashin da ƙirjin ɗan adam ba zai iya ba.

Ya hau saman shagon tayoyin ya yi ƙorafi. Ɗan ƙanwar ya sauke abin sauraron da ke kunnensa ya ce, "Kawu, kai sai ka yi tari, ka nemi ruwa, ka ce a sake. Na'ura kuwa ba ruwanta. Amma akwai wani aiki. Jama'a na son ganin ƙaho a dandali. Ka tsaya bayan mawaƙi ka kumbura kumatu, ni in danna daga gefe. Sai dai a toshe bakin da soso, kada ku yi karo da na'ura."

Mai Ƙaho ya rantse ba zai yi ba. Matarsa ta ce, "Mai Ƙaho, yaran nan abinci za su tambaye ka, ba busar gaske ba."

Ya yi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tafin da ake masa ya fi na da.

Shekaru suka tafi a haka. Wata rana da yamma, a wani ɗakin taro cike da jama'a, ya hango ɗan ƙanwar yana danna busarsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana latsa waya. Zuciya ta ɗebe shi. Ya zare soson, ya cika ƙirji, ya busa.

Iska ce ta fito, sai wata 'yar ƙara a tsage. Leɓen da ya daɗe bai yi aiki ba ya saki. Mutanen gaba suka fashe da dariya, sun ɗauka wasa ne. Mawaƙin ya waiwayo ya zabga masa harara.

Ɗan ƙanwar bai yi faɗa ba. Da aka tashi ya tsinci soson a ƙasa, ya kakkaɓe, ya miƙa masa da hannu biyu. "Girma ya zo, Kawu. Ka bar mini wahalar."

Har yanzu Mai Ƙaho yana zuwa, yana goge tagullar har ta yi ƙyalli. A makon jiya, yana naɗe wayar lantarki a bayan dandali, ya ji mawaƙin yana tambaya ko ba za a samu wani marar furfura ba, tunda riƙewa ce kawai. Ɗan ƙanwarsa bai ce a'a ba. Ya ce zai duba.