Babur yana walƙiya, batir ya mutu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Yelwa, ni da ƙanwata, kowa da 'yar jakarsa. Inna za mu ɗauko daga ƙauyenmu da ke can bayan Wara. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. To ga likitocin ido sun sauka a Yelwa na kwana uku kacal, ƙanwata kuwa ta sha layi rana guda cur kafin ta samo mata kati. An rubuta a jiki: ranar Laraba kafin azahar. Mu kuma ranar Talata muka tashi.

Kuɗin mota ya kusa ninkawa tun zuwana na ƙarshe. Na tambayi direba dalili, ya ce ai yanzu jiha gare mu. To madalla, an yanke mana Kebbi, amma ramukan hanya suna nan inda Sakkwato ta bar mana su. Mu huɗu aka cusa a baya, da wata baiwar Allah mai kwandon albasa a cinya, kowane rami sai ta ce mini sannu kamar ita ta haƙa shi.

Da hantsi muka isa Wara, kasuwa ta cika maƙil. Jiragen kwalekwale sun jeru a bakin tafki, ana ta sauke kifi banda da buhunan gero, Kambari da Gungawa da Hausawa kowa na ciniki da harshen da ya fi zo masa kusa. Muka ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi a wata rumfa, mai tuwon ta ƙara mini kai ba tare da na roƙa ba. Wannan shi ne abu na ƙarshe da ya yi mini daɗi a tafiyar.

Mota ba ta shiga ƙauyenmu sai ranar kasuwa, akori-kura guda ce, tana mai da 'yan kasuwa gida ta juyo. Ita muka hau. Ban damu da komowa ba ko kaɗan, don ina da babur a can. Wata bakwai da suka wuce na kai shi na ajiye a gidan Kawu, ƙanen Inna, musamman saboda irin wannan rana. Lissafina shi ne gobe da sassafe in goya Inna har Yelwa, ƙanwata ta biyo bayanmu.

Bayan la'asar, mota ta riga ta juya, na ce wa Kawu a fito da shi in duba. Ya kai ni wani ɗaki da ya ware masa shi kaɗai, ya buɗe kwaɗo, ya yaye bargo, ya yaye tabarma. Wallahi ko ranar da na saye shi bai yi wannan ƙyalli ba. Kawu ya tsaya gefe yana murmushi, yana jiran yabo.

Na murɗa makulli. Ko 'yar koriyar fitilar nan ba ta kawo ba. Na danna oda, shiru. Na buga kik har cinyata ta yi tsami. Babur ɗin kuwa irin manyan nan ne da ba sa tashi sai da batir, ba ƙananan da ko babu shi za ka buga su kama ba. Maƙwabta suka taya ni turawa daga ƙofar gida har gindin tsamiya, sau uku, ko tari bai yi ba.

Na tambayi Kawu yaushe rabon a tayar da shi. Ya ce tun ranar da na kashe shi da hannuna. Wani malamin makaranta da ya iya tuƙi ya zo har sau biyu yana cewa a bari ya ɗan zaga da shi don lafiyar batir, Kawu ya kore shi. Kowace Juma'a yana wanke shi yana goge shi da tsumma. Da ya ga ruwan batir ya ja baya kuwa, sai ya cika shi da ruwan randa, wanda aka ɗebo daga tafki, har baki.

Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na manta da girmansa, na ɗaga murya a gaban mutane, na ce wane irin tsaro ne wannan da ya kashe abin da aka ba shi tsaro. Ya bari na gama tas, sannan ya ce a hankali:

“Ɗana, kai da bakinka ka ce kada kowa shi taɓa maka wanga babur. Ban bari an taɓa ba.”

Ƙanwata ta dube ni ta ce, “Haka ka ce, Yaya. Ina tsaye a wurin.”

Haka kuwa na ce. Tsoron samarin ƙauye nake yi kada su mai da shi na yawon kasuwa, ban ƙara da ko kalma ɗaya a kan batir ba.

Laraba da sassafe na ari keke, na ɗaure batir a baya, na taka zuwa Wara. Amalanken shanu zai ci yini guda, Inna kuma ba ta iya zaman keke. Mai cajin batir da injin janareta yake aiki, a bakin tafkin nan da ake cewa shi ke ba ƙasa wuta. Wannan ma ya ƙara mini haushi. Ya buɗe murafen, ya leƙa, ya girgiza kai. Ya ce batirin da ya yi wata bakwai ba caji farin gishiri ya riga ya kama farantansa, ruwan tafki kuma ya ƙarasa shi, ko kwana uku zai yi a kan inji ba zai riƙe wuta ba. Dole na sayi sabo. Shi ma sai da aka zuba masa ruwa aka jona shi. Ina zaune a kan benci, katin Inna a aljihuna, aka kira azahar a kunnena.

Da yamma na koma na ɗaura. Bugu ɗaya ya tashi. Bugu ɗaya! Ji na yi kamar in hankaɗa shi cikin rami.

Duk da haka ranar Alhamis da asuba na goya Inna muka kamo hanya, ko Allah zai sa a dace. Ta riƙe ni gam tana tambayata ko tafki ya cika bana, ina ba ta labarin abin da ke gabanta. Muka isa Yelwa muka tarar likitoci sun tashi tun jiya. Mai gadi ya ce sai baɗi, in Allah ya kai mu.

Yanzu ina gida, Inna tana wurina, na kuma aika wa Kawu goro da ban haƙuri. Ga abin da na koyo, ga duk mai babur ɗin da ba kullum ake hawansa ba. Ko sau ɗaya a mako a fita da shi a yi tafiya mai ɗan nisa, tayarwa a tsakar gida kawai ba ta isa. In zai daɗe a ajiye, a cire batir a sa shi a inuwa, a riƙa kai shi caji duk wata. In ruwansa ya ragu, ruwan batir na kwalba ake ƙarawa, iyakar layi, ba na randa ba. In kuma za ka ba dattijo amana, ka faɗa masa abin da zai yi, ba abin da zai hana kaɗai ba, don zai riƙe maganarka fiye da yadda kai ka riƙe ta.

Jiya da safe na tarar da Inna ta lallaɓo zaure tana shafa tankin babur ɗin da tafin hannunta. Ta ji takuna ta juyo.

“Kawunka ya ce yana walƙiya ƙwarai,” in ji ta. “Ka ci gaba da goge shi, baɗi in gani.”