Bindigogi Biyu a Zauren Surukina

Na dawo Matamaye daga yaƙin Jamus da ƙafafuna biyu da hannuwana biyu, abin da yawancin waɗanda aka ɗebe mu tare ba su samu ba. Mutanen gari suka ce na dawo lafiya lau, ni ma na yarda da su. Na koma gonar mahaifina, na rufe ɗaki da sabuwar ciyawa, damina na wucewa aka yi mini aure.

A can ƙasar Nasara hidimar wani hafsa aka sa ni. Ina wanke masa kaya, ina goge takalmansa, kullum kuma ina kwance ƙaramar bindigarsa ta hannu in share ta in sa mata mai. Inda ya shiga nan nake shiga, har cikin ramukan da muke kwana a cikinsu da laka har gwiwa. A ɗaya daga cikin ramukan ne ƙasa ta rufta mana, aka tono ni da rai, shi kuwa aka tono gawarsa. Wannan ban taɓa ba wa kowa labarinsa a gida ba. In an tambaye ni sai in yi zancen jirgin ruwa da sanyi da irin burodin da suke ci.

Surukina, mahaifin matata, bafatake ne. Yana kai fata da kanwa Kano da Katsina a kan jakuna, ya dawo da tufafi da goro. Dogo ne, ba ya yawan magana, in ya zauna a ƙofar gida har masu wucewa sassauta murya suke yi. Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba. In na hango shi a hanya sai in ratse lungu, in kuwa babu lungu in tuɓe takalma in durƙusa tun daga nesa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, “yaro” yake ce mini.

A shekarar da nake magana a kanta 'yan fashi suka tare ayarinsa kusa da iyaka. Suka kore jakuna, suka fasa wa wani abokin tafiyarsa kai, shi kuma suka bar shi da wando kawai. Da ya dawo bai yi ƙorafi ba, amma ya ce ba zai sake bin hanyar nan da sanda da wuƙa ba. A lokacin baƙar fata bai isa ya riƙe bindigar zamani ba sai da takardar kwamandan, Baturen da ke mulkin yankin. Da yake Nasara suna sayen fata a hannunsa, aka yi masa hanya ya samu.

Wata rana da hantsi wan matata ya yi sallama a gidana ya ce Baba yana kira. Na tarar da zauren an shimfiɗa buzu, surukina yana zaune a gefe guda, ga kuma wani Balarabe ɗan kasuwa da ya zo daga Damagaram. A tsakaninsu an baje wani jan ƙyalle, a kansa bindigogin hannu guda biyu. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su, kaina a ƙasa.

“Yaro, matso,” in ji surukina. “Mutumin nan ya kawo biyu, kuɗinsu kusan ɗaya ne. Mu dai bindigar maharba muka sani. Kai ka zauna da masu abin, ka duba mana.”

Na matsa a kan gwiwoyina. Duka biyun irin wadda ake ɗanawa sau ɗaya ce, kana jan kunama ta tofar da kwanso ta ɗauko wani harsashin da kanta. Ɗaya gajera ce mai kauri, baƙa wuluk, da nauyi kamar ƙaramar guduma. Irinta ce hafsana yake riƙewa. Ɗayar siririya ce, shafaffa, an yi mata aiki mai kyau, tana kwanciya a tafin hannu ba tare da ka san tana nan ba.

Ina ɗaukar mai kaurin hannuna ya tuna aikinsa. Na zare gidan harsashin, na ja bayanta, na murɗa, sai ga ta gunduwa-gunduwa a kan ƙyallen. Balaraben ya ɗaga gira. Wan matata ya ce, “Kai! Allah ya sa ta koma yadda take.” Na ɗaga bututun na leƙa ta hasken ƙofa, cikinsa fes. Na kwance siririyar ita ma. Cikin bututunta ya cinye, ƙarfen da ke mayar da ita kuma ya saki, alamar ta sha aiki a hannun wani.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a ranar. Tun da na shigo dangin nan ba a taɓa sauraron bakina ba, yau ga dattijon da nake gudu a lungu ya karkato kunne.

“Ni siririyar ta fi kwanta mini,” in ji surukina. “Tana ɓacewa a cikin riga. Ba na so duk zangon da na sauka a san abin da nake ɗauke da shi.”

“Baba, ai so ake a sani,” in ji ɗansa, wan matata. “Wannan baƙar ko nuna ta ka yi ɓarawo zai koma.”

Balaraben ya ce duk wadda aka ɗauka ba a yi asara ba, harsashinsu ma iri ɗaya ne. Suka juyo gare ni. Na ce, cikin ladabi, kowacce da aibinta. Siririyar ta fi kyan ƙira amma ta gaji, tana iya cijewa a lokacin da ake bukatarta. Mai kaurin aikinta na gaggawa ne, har sawun zarto ana gani a jikinta, kuma ɗan ƙarfen da ke kulle kunamarta yana zamewa in ta gogi tufafi, sai an ɗinka mata kube mai tauri. Amma tana da sauran ƙarfi, ga gidan harsashi har biyu. Da na tsaya a nan da shi ke nan. Sai daɗin baki ya ɗebe ni na ƙara da cewa, “Amma dai, Baba, bindiga ba a yanke mata hukunci sai an ji muryarta.”

“Gaskiya ne,” in ji shi. “Gobe sai mu fita bayan gari.”

Kashegari bayan an karya kumallo muka kama hanyar Kurni mu huɗu. An gama girbi, gonaki duk kara ne a tsaye. Muka ratse zuwa wani fako inda babu makiyaya. Wan matata ya ɗora fasasshen tulu a kan suri, ya dawo da gudu yana dariya. Balaraben ya cika mai kaurin, ya ɗana, ya miƙa wa surukina. Shi kuma ya nuna ni da haɓa.

“Soja ya fara.”

Na karɓa. Na tsaya yadda na ga hafsoshi suna tsayawa, na gyara ƙafa. Sai hannun ya ƙi tashi. Ina ce masa tashi, yana rataye kamar na wani. Gumi ya keto mini ta ƙeya, bakina ya bushe, tulun da ke kan surin ya riƙa matsowa yana komawa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na dai ji wan matata yana cewa, “Lafiya?” Balaraben ya yi 'yar dariya, ya ce wataƙila rana ce ta shiga idona. Ya zare bindigar daga hannuna, yana tsaye daf da kafaɗata, ya ɗaga ya saki wuta, harbi na bin harbi.

Abin da na sani bayan wannan shi ne fuskata tana cikin yashi, ina tonon ƙasa da farcena kamar kare. Ina jin wata murya tana ihu da Faransanci tana cewa a kwanta, a kwanta, ashe tawa ce. Jikina yana rawa har haƙorana suna haɗuwa. Da hankalina ya fara dawowa sai na ji ɗumi yana bin cinyoyina, na gane abin da ya faru da wandona. A gaban mahaifin matata.

Na roƙi Allah ƙasar da nake tonawa ta buɗe in shige. Ina kwance ina ganin ƙafafunsu kawai: takalman Balaraben sun ja baya, na wan matata sun juya sun ba ni baya. Sai na ga ƙafafun surukina sun matso. Wani abu mai nauyi ya sauko a kaina ya rufe ni tun daga wuya har dugadugai. Babbar rigarsa ce. Bai taɓa ni ba, bai ce mini komai ba. Na ji ya juya yana tambayar Balaraben yadda farashin raƙuma yake a Damagaram bana, muryarsa daidai kamar suna zaune a zaure, yana tafiya yana jan su, har maganarsu ta yi nisa.

Na jima kafin na iya tashi. Na zura rigar don babu yadda zan yi, tana jan ƙasa saboda ya fi ni tsawo. Na bi ta cikin karan gonaki na zagaya gari, na shiga gida ta baya. Matata tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta ga rigar, ta san ta, ai ita ta sha wanke ta tun tana budurwa. Ta dubi rigar, ta dubi ƙafafuna, ta ajiye rariya ta ɗebo ruwa ta kai mini bayan ɗaki. Ba ta tambaye ni ba. Na so a ce ta tambaya in yi mata tsawa, da na sami inda zan sauke abin da ke ƙirjina.

Na shige ɗaki na ƙi fita. Masallaci ma na daina zuwa, na ce zazzaɓi nake yi. Labarin bai tsaya a fakon ba. Wan matata ya gaya wa matarsa, ba da mugunta ba, ita kuma ta kai shi bakin rijiya. Ina daga ciki ina jin masu wucewa suna rage murya in sun zo daidai dangata. Na fara tunanin in tattara in tafi Kano inda ba a san ni ba. Da na faɗa wa matata sai ta ce, “Maigida, in ka tafi zan bi ka. Amma ka sani abin zai bi mu, don ba a Matamaye ka samo shi ba.” Ashe ta daɗe tana jin abin da nake faɗa cikin barci.

Ana cikin haka, wata rana bayan la'asar, na ji sallama a bayan danga. Muryar surukina ce. Tun da aka kawo 'yarsa bai taɓa tako ƙofar gidana ba, ba a yin haka. Matata ta shige madafi da sauri. Na fito na durƙusa daga ciki, shi yana tsaye daga waje, zana a tsakaninmu, ba mai ganin wani.

Muka gaisa. Ya tambayi jiki, na ce da sauƙi. Sai ya ce, “Balaraben nan zai koma gobe. Har yanzu ba ka faɗa mini wadda zan ɗauka ba.”

Na ce, “Baba, ai ka ga abin da ka gani. Maganata ba abin kamawa ba ce.”

“Na ga ka kwance su ka mayar. Mu uku muna zaune babu wanda ya iya. Wacce?”

“Mai kaurin,” na ce. “A kai wa baduku ya yi mata kube.”

“To. In na tashi tafiya sai ka zo ka sa mata mai. Ni idona ba ya ganin ƙananan ƙarafan nan.” Sannan ya ce, “Ranar da 'yan fashin nan suka tare mu a hanya, ni ma ba a tsaye suka bar ni ba.” Ya yi sallama ya tafi.

Mai kaurin ya saya. Daga nan duk lokacin da ayari zai tashi sai in je zaure in kwance ta in share, yana zaune a gefe yana jan carbi, ba ma duban juna. Ya yi shekaru yana yawo da ita, iyakar sanina sau ɗaya ya harba ta, sama, don korar kura daga jakuna. Zancen fakon bai sake haɗa mu ba har ya rasu. Duk da haka ban taɓa shiga zauren nan ban ji kunnuwana sun yi zafi ba. Alherin da ya yi mini ma wani nauyi ne, don duk sanda na tuna shi sai na tuna abin da ya jawo shi.

Mutanen gari sun yi zancen sun gaji sun bari. Ciwon ne bai bar ni ba. Har na tsufa, in za a yi wani buki da maharba za su buga bindiga, tun da safe nake ɗaukar sanda in nufi Icirnawa wurin 'yan uwan mahaifiyata. Masu zuwa nemana matata ce take tarbarsu a ƙofa, ta ce na tafi duba wata saniya da muka ba da kiwo. Ba mu taɓa mallakar saniya ba.