Yatsan da Kaka Ke Bari Fari

Abin da na fara gani da ɗan kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar gidan Kaka a Bakura shi ne babban yatsanta na dama. Ta fito zaure tana tare rana da hannu don ta ga wace ce, sai na ga yatsan ya yi jajir da lalle tun daga farce har gindinsa. Sabon ƙunshi ne, ko ƙamshinsa bai tafi ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi hanya, ta tambayi mahaifiyata da ƙannena da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya, ina amsawa, amma idona yana kan yatsan nan. Gobe ne zaɓe.

Wanda bai san Kaka ba, Allah ya jiƙanta, ba zai ga abin mamaki a nan ba. Ita ce mai ƙunshin unguwarsu. A hannunta na girma kafin a mai da ni wurin iyayena a Talata Mafara in shiga sakandare, kuma na tashi ina ganin mata zaune a tsakar gidanta, hannuwansu cikin zunguru, dogon ƙwaryan nan da ake zura hannu a ciki don lalle ya kama. Amma duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, sai ta yagi ƙyalle ta naɗe wa kowace mace babban yatsan dama kafin ta shafa lallen. Tun da aka kawo na'urar da ke duba yatsa, aka bar wata maƙwabciyarta tsaye har la'asar saboda na'urar ta ƙi karɓar yatsa mai lalle, Kaka ta ɗauki wannan a matsayin aikinta. Takan ce, "Wanga na gwamnati na, a bar musu abinsu." Sai ka ga matan unguwa sun fito ranar zaɓe hannu ja wur, yatsa guda fari tas.

Ni ce nake ɗaukar mata kujera 'yar tsugunno zuwa firamare, inda ake jefa ƙuri'a a gindin itatuwan bedi. Ban cika magana ba tun ina ƙarama, don haka aikina kallo ne. Na san wace ce ke zuwa da goyo don a tausaya mata a sa ta gaba, na san tsohon da ke ɓoye katinsa cikin hula. In Kaka ta dangwala ta fito, kafin tawadar ta bushe, sai ta danna mini yatsan a goshi ta ce ni ma na yi zaɓe. Nakan ƙi wanke goshin har dare. Ta sha gaya mini cewa ranar da na isa, tare za mu shiga layi, ni gaba ita baya, don kada kunya ta sa in gudu.

To ga shi na isa. Na karɓi katina a Bakura lokacin dogon hutu, an kuma ba mu hutun zaɓe a makaranta, na zo da katin a cikin aljihun jakata. Ita kuma ta rufe yatsanta da lalle.

Ban tambaye ta dalili ba, don na san shi. A daminar da ta wuce, ƙanwarta ta iso gidan nan daga Gidan Goga da jikoki da akuya guda, bayan 'yan bindiga sun tashe su. Sun bar gero yana shirin fitar da kai. Ta zauna wurin Kaka har kaka ta yi, kullum da safe tana duban sama tana cewa yanzu da an fara kaza a gona, sannan ɗanta ya zo ya tafi da ita Maradun. Tun daga lokacin, in rediyo ta fara maganar siyasa, Kaka takan miƙa hannu ta murɗe ta.

Bayan la'asar Kawu ya shigo. Shi ne ɗanta na fari, dillalin shanu ne, kuma a wannan shekarar ya shiga hidimar wata jam'iyya har wuya. Ya zo da turmin atamfa mai hoton ɗan takararsu, ya ajiye a gabanta, ya zauna a bakin tabarma suka gaisa. Da ta miƙa hannu ta taɓa atamfar, sai ya tsaya cak.

"Inna, mi kika yi haka?"

"Kwalliya. Ko an hana tsohuwa kwalliya?"

"Gobe fa zaɓe! Na riga na ce musu gidanmu duka namu na."

"Ai ba ka tambaye ni ba. Ni ba saniya ba ce da za ka yi cinikina ba ni wurin."

Ya ce a kawo lemun tsami a goge. Ta ce ya gwada. Ya ce kalanzir, ta ce ya zo da ashana ma gaba ɗaya. Ta yi shekaru tana haɗa lallen da amare ke kaiwa har arba'in, ta ce, shi ne lemun tsami zai ba ta tsoro? Kawu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya juyo wurina.

"Ke 'yar boko, na'urar nan ba ta karɓa ko da lalle?"

Na san amsar. Malamarmu ta gaya mana a aji cewa sabuwar na'urar, in yatsa ya ƙi, fuska take dubawa. Lallen Kaka ba zai hana komai ba. Amma na ga yadda ta ɗago ido ta dube ni, na kuma san in na faɗa, da sassafe Kawu zai faka babur a ƙofar gida ya ɗauke ta kamar kaya. Sai na sunkuyar da kai ina wasa da gefen hijabina. Kowa ya san ni da kunya, ba wanda ya ga baƙon abu.

"Wagga yarinya, karatun mi kuke yi can Mafara?" in ji Kawu. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya bar atamfar ya fita.

Kafin magariba muka zauna tsintar shinkafa. An baza ta a kan wani tsohon zane, irin na zaɓen baya, don Kaka ba ta taɓa ɗaura atamfar siyasa ba. Wata ta zama shimfiɗar shanya, wata murfin randa, wata labulen ɗakin kaji. Ina tsince duwatsu, shinkafa na ja baya, sai fuskar da ke jikin zanen ta fara fitowa: hula, gira, gilashi. Na dubi sabuwar atamfar da Kawu ya bari. Mutum ɗaya ne. Launin zanen ya canja, alamar jam'iyyar ta canja, ya ƙara kumatu, amma shi ne.

"Kaka, dubi."

Ta duba wannan, ta duba waccan, ta kama baki. "Af! Ashe tun bara waccan shi ka riƙe min shinkafa. Ya dai yi amfani."

Muka yi dariya har ta share hawaye. A cikin dariyar ne na samu bakin gaya mata. Na ce na'urar yanzu fuska take dubawa in yatsa ya ƙi. Ta juya yatsan tana kallonsa.

"Wato lallena ya tashi a banza."

"Ya yi kyau dai."

"Rufe min baki. Kuma kika zauna nan awa kurma, kika bar kawunki na neman kalanzir." Ta watsa mini 'yar shinkafa. Can sai ta ce, "Ni ba na'ura nika gudu ba, ɗiyata. Na yi wa waɗanga, na yi wa waɗancan. Sunka ce taki, sunka ce ruwan noman rani, sunka ce kowa zai kwana gidansa. Ga ƙanwata can ɗakin aro. In na shiga, wa zan dangwala wa?"

Na ce ni ma ban sani ba, shi ya sa na zo wurinta. A makaranta kowace yarinya jam'iyyar babanta take yi, ni kuma Baba ya ce shi bana ko tashi daga shago ba zai yi ba.

Ba ta ba ni sunan kowa ba. Ta ci gaba da tsinta, tana ba ni labarin lokacin da mutanen Gidan Goga suka cika ajujuwan firamare. Manya sun zo jaje. Wasu ba su sauko daga mota ba, gilashi kawai suka zuge. Wani ya sauko da mai ɗaukar hoto a bayansa. Amma akwai ɗaya da ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya tambayi ƙanwarta mi ta shuka a bana, ya kuma tsaya ya ji amsar har ƙarshe. Ta ce ba ta san ko zai yi wani abu ba in ya samu kujerar majalisar wakilai da yake nema. Wataƙila shi ma ya yi kumatu ya canja zane. Amma ya zauna, wannan ta gani da idonta. Jam'iyyarsa ba ta Kawu ba ce, ba kuma wadda ta saba yi ba ce, amma daga kwatancen na gane wadda take nufi.

"Takarda uku za a ba ki," ta ce. "Ba dole ki yi musu iri ɗaya ba. Wanda kika san wani abu nasa, ki yi mishi. Wanda ba ki sani ba, ki yi bisimilla ki zaɓi wanda kike ganin ɓarnarsa za ta yi dama."

"Ke fa?"

"Ni na yi ƙunshi."

Da safe na yi wanka na sa hijabin makaranta, don shi ne ya fi ba ni ƙarfin hali. Na tsaya a zaure ina jin hayaniyar mutane daga wajen firamare, ina ta gyara hijabin ban fita ba. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Sai na ji an ɗora mini wani abu a ka. Kujera 'yar tsugunno ce.

"Wuce gaba," in ji Kaka, tana gyara mayafi. "Rakiya na zo, kada ki ɗauka wani abu."

Amma na ga ƙullin da ke bakin zanenta, inda take ɗaure katinta.

A layi mata suka yi ta tsokanarta, wai mai naɗe yatsun mutane ta manta nata. Ta ce tsufa ne. Na'ura ta ƙi yatsan kamar yadda Kaka ta yi niyya, mai aikin ya ɗaga ta saitin fuskarta, Kaka ta ɗaure fuska tamau, na'urar ta karɓa. Ni na riga ta shiga wurin dangwalawa. Na ɗan majalisar wakilai ban ɓata lokaci ba, na nemo alamar mutumin da ya cire takalmi. Sauran biyun na daɗe a kansu, har wata ta ce daga baya ko barci nake yi. Na dangwala ba tare da wani daɗi a raina ba, na ninke na jefa. Abin da Kaka ta yi a nata ban sani ba har yau. Kawu ya tambaye ta, ta ce ya je ya tambayi akwati. Da muka fito na danna mata yatsana a goshi, ta ce ba ni da kunya, amma ba ta goge ba.

Ranar da zan koma Mafara ta kwaɓa lalle ta ce ba jikarta da za ta bar gidan nan da farin hannu. Na zauna a tabarma ta kama hannuna na dama, ta fara daga ƙaramin yatsa. Nata lallen ya fara ɗan koɗewa, tawadar zaɓe ta zauna a kan jan. Da ta zo kusa da babban yatsa sai na lanƙwashe shi cikin tafin hannuna.

"Kaka, ki yago ƙyalle ki naɗe mini wannan. Saura zaɓen gwamna. Kuma don Allah kada ki sake yi wa naki, ki bar shi ya fita kafin in dawo."