Jar Ƙofar Kawu Arvid

Kawu Arvid, yayan mahaifiyata, ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa motar share ƙanƙara a arewacin Minnesota. In dusar ƙanƙara ta rufe hanya, shi ne mai fita kafin kowa, ya buɗe wa motar makaranta da ta asibiti. Dogo ne, mai faɗin hannu, marar yawan magana. Duk abin da aka tambaye shi amsarsa ɗaya ce: "Ba laifi." Ranar da ya karye a ƙafa, ba laifi. Ranar da likita ya ce shi da matarsa ba za su haihu ba, mahaifiyata ta ce abin da ya faɗa ke nan, sannan ya fita ya yi ta faskare har yamma.

Matarsa, Anti Marlys, ita ce bakinsa. A makarantar firamare take girki, ta san sunan kowane yaro da abin da ba ya ci. A shekarar farko ta aurensu guguwar ƙanƙara ta taso, Kawu ya dawo daga aiki ya wuce gidansa sau biyu bai gan shi ba. Washegari ta sayo jan fenti ta shafe ƙofar, ta ce ba za ta rasa miji a bakin ƙofarta ba. Tun daga nan ƙofarsu ja ce, duk shekara biyu a sabunta.

Ina aiki a wani ɗakin karatu a Arizona, jiha mai zafi can kudu, bayan na gama jami'a, sai ga wayarsa.

"Inga, an ce a wajenku akwai unguwannin da ake sayar wa tsofaffi gida. Ki duba mana."

"Kawu, kai da ba ka son zafi?"

"Antinki ce ke bukatar rana."

Suka zo a watan Fabrairu. Unguwar tana da katanga da mai gadi, ba a sayar wa wanda bai kai hamsin da biyar ba. A bakin shiga an kafa babban allo: *Domin dattawa masu jini a jika.* Wata dillaliyar gidaje ta ɗauke mu a 'yar motar batir irin wadda kowa ke yawo da ita a ciki, ta nuna mana wurin iyo, filin golf, ɗakin rawa, da shagon kafinta na masu sha'awa.

"Yallaɓai, wanne ya fi burge ka? Iyo ko rawa?"

"Ba laifi."

"Wannan ne zai yi rawa?" in ji Anti. "Ranar aurenmu ma ƙafata ya yi ta takawa, har yau ɗan yatsan bai dawo daidai ba. 'Yar nan, me kika ce sunanki?"

Karo na uku ke nan da ta tambaya. Duk sanda ta tambaya Kawu ne ke riga dillaliyar amsawa, da sauri, idonsa na kan hanya. Gidan da ya zaɓa ba bene, ba tafki a bayansa. Tambaya ɗaya kawai ya yi: ko mutum zai iya fita daga unguwar da ƙafa mai gadi bai gan shi ba. Dillaliyar ta ɗauka ɓarayi yake tsoro, ta yi ta kwantar masa da hankali.

Cikin takardun da ya sa wa hannu har da littafin dokokin unguwa, mai kauri. Bai buɗe ba. Ni na karanta a mota. Na ga inda aka ce launi huɗu kawai aka yarda a shafa wa gida da ƙofa, dukkansu dangin ruwan ƙasa. Na ga inda aka ce unguwar ba ta da masu jinya, kowa shi ke kula da kansa. Na rufe na ajiye.

Da suka tare, a cikin kayan da aka sauke har da shebur ɗinsa na kwashe ƙanƙara. Maƙwabcinsu Roscoe, wani tsohon direban jirgin ƙasa mai surutu, ya tsaya da sandar golf a kafaɗa.

"Mutumin arewa, wannan shebur fa? Rana za ka kwashe mana?"

"Ba a sani ba."

"Shekarata goma sha ɗaya a nan, ƙanƙarar da na taɓa gani a cikin kofi take. Ajiye shi, ka zo in koya maka zaman banza. Ni na ƙware."

Anti tana da ɗabi'a tun tana amarya: in ta sha kofin safe sai ta fita ta zaga unguwa ita kaɗai, wai don ta huta da shirun mijinta. A nan ma ba ta daina ba. Amma titunan lanƙwasassu ne, gidajen kamar an buga su da hatimi ɗaya, kowanne da tsakuwa a gaba da bishiyar lemo guda. Wata Asabar na zo na tarar da Kawu tsaye a tsakiyar titi, kofinsa ya huce a hannu, Anti ba ta dawo ba. Muka same ta a titi na biyu, zaune a dokin ƙofar wasu, jakarta a cinya.

"Arvid, ka canja makulli ne ba ka faɗa mini ba?"

"Eh," in ji shi. "Na manta."

Washegari ya sayo jan fenti ya shafe ƙofar. Kuma dabarar ta yi aiki. Sati shida tana fita tana dawowa da ƙafarta, ta turo ƙofa tana mitar ba a wanke kofuna ba. A makonnin nan na taɓa jin Kawu yana fito a bayan gida. A na bakwai takarda ta iso daga kwamitin unguwa: ko ya mayar da ƙofar launin da aka yarda, ko ya zo ranar Talata da hantsi ya faɗi dalilinsa.

Na ɗauki hutu na raka su. Anti na ɗaki tana neman takalminta, na ce masa a hankali, "Kawu, in ka faɗa musu dalilin, za su bari."

"Wane dalili?"

"Kawu."

"Antinki lafiyarta lau. Gajiyar tashi ce." Ya juya hularsa a hannu. "Kin dai ga abin da aka rubuta a bakin shiga. Ba a ce masu mantuwa ba. In suka sani, ina zan kai ta? Na sayar da wancan gidan."

Mutum biyar ne a kwamitin, duk mazauna unguwar, wasu da kayan wasan ƙwallo a jikinsu. Shugabarsu Misis Pruitt, tsohuwar shugabar makaranta, ta buɗe littafin a gabanta. Roscoe ya shigo ya zauna a baya, wai ya zo kallo.

"Mista Arvid, ba mu kira ka don mu ci maka fuska ba. In muka bar ja, gobe wani zai shafa shuɗi, jibi wani ya zana kifi. Me ya sa ja?"

"Ina son ja ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta jira. Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, amma ba tawa ba ce, na haɗiye. Misis Pruitt ta ɗauki biro za ta rubuta, sai Anti ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Malama, kar ki ga laifinsa, ni na shafa. Aikin asuba yake yi, in guguwa ta taso ba ya ganin gida. Kin san maza." Ta leƙa taga, rana ta ƙwalle a kan tsakuwa. "Bana ma sanyin ya yi jinkiri. Ko kun ji an ce yaushe ƙanƙara za ta sauko?"

Kawu ya kafa wa hularsa ido, kunnuwansa sun yi ja.

"Ba da daɗewa ba, 'yar'uwa," in ji Misis Pruitt. Ta rufe littafin.

Roscoe ya yi gyaran murya daga baya. "Mutumin arewa, kai kaɗai ne a titinmu ka ɗauka sirri ne. Kafin ka shafa fentin nan sau uku tana shan kofi a kicin ɗinmu. Matata ce ke rako ta, ta tsaya a kwana don kar ka gani. Ta ma gyara mana miya, ta ce gishiri ya yi kaɗan."

"Ya yi kaɗan ɗin," in ji Anti.

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Kwamiti ya rubuta izini: ƙofar ta zauna ja muddin Anti tana gidan. Da muka fito Misis Pruitt ta biyo Kawu, ta rage murya.

"Ba mai korar ku. Amma ka san ba mu da masu jinya. Mijina ma a nan mantuwarsa ta fara. Kar ka jira sai ka faɗi."

Ya buɗe baki. Na san abin da zai ce, amma bai ce ba. Ya gyaɗa kai kawai.

Ƙofar ta ƙara musu wata biyar. Roscoe ya koma shan kofinsa a waje daidai lokacin fitar Anti, yana yi kamar iska yake sha. Matan titin suka riƙa aiko da abinci a tire, Kawu yana mayar da tiren a wanke, da lemo a ciki.

Wata safiya a watan Nuwamba ina gidan, muka hango Anti ta taga ta dawo. Ta tsaya a gaban ƙofar ta daɗe, ba ta taɓa ta ba. Kawu ya buɗe.

"Shigo mana, kofinki na nan."

Ta dubi ƙofar, ta dubi bangon, ta dubi bishiyar lemon.

"Bawan Allah, wannan ƙofarmu ce," ta ce. "Wa ya kawo ta gidan mutane?"

Ba ta yarda ta shiga ba sai da matar Roscoe ta zo ta riƙe hannunta. Kafin ƙarshen shekara aka ba ta ɗaki a gidan jinya da ke tsallaken babban titi, inda ƙofar shiga ta gilashi ce, mai buɗe kanta. Kullum ƙarfe biyu Kawu yana can. Wani lokaci ta gane shi, wani lokaci ta tambaye shi ko ya ga mijinta a hanya, ya ce ya gan shi, yana tafe.

Ba wanda ya tuna masa da maganar izinin. Roscoe ma cewa ya yi ya bar ta haka, titin ya saba. Amma Kawu ya ce an rubuta muddin tana gidan, kuma ba ta gidan. Wata Asabar na riƙe masa gwangwani ya shafe ta da ruwan ƙasa, shafi uku kafin jan ya ɓace. Ya ja da baya yana goge hannu.

"Ya yi?"

"Ba laifi," na ce.

Bayan sati biyu ya kira ni a wurin aiki, abin da bai saba ba. Ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya tambayi motata. Har na ɗauka zai kashe wayar, sai ya ce jiya da ya dawo daga wajen Anti ya wuce gidan, sai da ya kai ƙarshen titi ya juyo.