Kwalaben Malam da Turmina

Ku ɗaliban maigidana marigayi Malam kun ce in faɗi labarinsa a rubuta, to ku rubuta da sauri, hankalina ba a kwance yake ba. Babban ɗana ya ce mota na zuwa ta kwashe ni daga Kaura zuwa Gusau saboda halin da ake ciki, ga kuma kwalbar Malam ta ƙarshe a ɗaki, ba ta son motsi.

Kun san shi dai. Mutumin da ya hana daka a gidansa! Ya jera kwalabe, ya zuba garin wasu ƙarafa masu wuyar samu cikin ruwan sinadari, ya ce a hankali za su saƙa kansu kamar zana, su fito 'yan ƙwayoyi irin na gishiri. Ranar da na ɗaga taɓarya sai ga shi a guje, ba hula.

"Atika! Ƙasa na girgiza, kin tarwatsa min saƙa!"

"Malam, tuwon fa?"

"Tuwo ya tai maƙwabta."

Haka na tsufa ina ɗaukar gero zuwa gidan mutane, har matan unguwa suka ɗauka turmina na sayar.

Da ƙwayoyin suka fito, ya farke rediyona sabo ya cire maganaɗisun ciki. Ya rataya ƙwaya ɗaya a zare, ya tara mu, ya ce kowa ya riƙe numfashi. Ya matso da maganaɗisu, ya matso. Can ya yi tsalle.

"Ta motsa! Kun gani?"

Na ce, "Akuya ce ta yi atishawa."

Wallahi sai da ya fitar da akuyar waje aka sake daga farko.

Wai ainihin ƙarfinsu ba ya bayyana sai cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, a nan ne ƙwayar ke riƙe inda aka juya ta, ba ta mantawa. Na ce, "A Kaurar nan? Cikin bazara?" Ya ce na'urar awon tana ƙasar waje, zai aika. Ya hau mashin zuwa gidan waya da kwalba ɗaure a ƙirji, yana ce wa ɗan acaɓa, "Sannu-sannu, yaro!" Sai da mai jaki ya wuce su.

Kai, Malam! Ina dariya, ga hawaye.

Wadda ta rage, ya rufe ta ana saura kaɗan ya kwanta ciwon ajali. Ya ce kar a taɓa sai ta nuna. Jiya na leƙa daga bakin ƙofa, na ga wani abu yana ƙyalli a gindinta. Ni ban san nunarta ba. In na tafi da ita hanya ta lalata ta, in na bar ta wa zai duba?

Don Allah ɗayanku ya zo kafin motar, ya buɗe ta da hannun da Malam ya koya masa. Ni sai in tafi.

Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya makwancinsa, ya nuna masa abin da bai samu gani ba a nan. Amin.