Malamar da Ta Hana Ƙirge

Duk Asabar da hantsi takan hawo matattakalar tana dafa bango, ta huta a ta bakwai, sannan ta buɗe ajin manya. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ɗalibanta teloli ne da kafintoci da direbobi, mutanen da lissafi ya kora daga makaranta tun suna yara. Suna kiranta Malama Ba-Ƙirge, domin a watan farko ba ta yarda kowa ya ambaci lamba.

Takan juye maɓallai a kan tebur, ta shimfiɗa riga.

"Wanne ya fi yawa, maɓalli ko rami? Kada wanda ya ƙirga."

Sai a yi ta sa kowane maɓalli a raminsa, har a ga ko wani ya rage.

Wani tela ya taɓa ƙosawa. "Malama, yaushe za mu fara lissafin?"

"Tun ɗazu kake cikinsa, ɗana."

Da wannan dabarar ta nuna musu cewa lambobi ba su da ƙarshe, kuma kowace lamba tana da ninkinta, don haka ninkin ma bai fi lambobin ƙaranci ba. Wani kafinta ya ce sam, ai ninkin rabin lambobin ne kawai, kuma rabi ba ya kai duka. Ya kwana uku yana zane a jikin katako, har matarsa ta zo da kanta.

"Malama, me kika yi wa maigidana? Ko abinci ba ya ci!"

Malama Ba-Ƙirge, mu ɗalibanki mun shaida ke ce kika cire wa masu furfura kunyar cewa "ban gane ba". Ke ce kika maimaita abu ɗaya sau ɗari ba tsaki. Mun gode, Malama, Allah Ya saka da alheri.

Amma ta gaji, kuma ba ta ɓoyewa. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo. Wata mai zuwa za ta ajiye alli, kuma in ba a sami madadinta ba, to za a rufe ajin. Ta tuntuɓi malamai huɗu, kowa ya ce Asabar ranar hutunsa ce. Ku da kuka san lissafi, ina kuke?

Da ta ji za a rubuta mata jinjina, ta daɗe tana murza gwiwa.

"Yabon nan ku rage shi," in ji ta. "Ku rubuta cewa ana neman malami."