Sikelin da ƙanwata ke hawa a aji

Ƙanwata malamar lissafi ce a ƙaramar sakandare, kuma tun tana yarinya ba ta yarda da abin da ba ta auna ba. Ɗalibai na kiranta Malama Gangare, don in aka zo darasin yadda layi ke hawa ko sauka a kan garaf, sai ta fitar da su waje su auna tsani, kwata, har rufin bayan gida.

Bana sai ta zo da sabon salo, ni kuwa a bakin 'yata, wadda ke ajinta, na ji. Muna wanke-wanke ta ce, "Mama, layin Anti ya fi na tsani gangarowa."

"Wane layi?"

Ashe duk Litinin ƙanwata kan kawo sikeli aji, ta tuɓe takalmi ta hau, yara su karanta nauyinta su ɗiga a kwalin da ke bango. Tun farkon zango ake wannan.

"Rage ƙiba take yi?"

"A'a, ta ce cin abincinta take. Shi ya sa muke ta mamaki."

Kwanon hannuna ya suɓuce. Matar da muke waya kullum tana ce mini lafiya lau.

Da safe na faɗa ajin ko sallama babu. Ga kwalin nan, ɗigo bayan ɗigo, kowanne ƙasa da na bayansa. Ga ita gaban allo, riga na reto a jikinta, agogo ya zame har tsakiyar hannu. Wani yaro mai baki a sahun gaba ma ya lissafo watan da layin zai taɓa sifili.

"Yaya, lafiya?"

"Ni za ki tambaya? Aji guda sun san kina ƙarewa, ni da muka sha nono ɗaya ban sani ba?"

Ta rage murya. "Tun rasuwar Inna ba na iya shiga asibiti. Kuma Yaya, ban taɓa samun ajin da ya gane darasin nan kamar wannan ba."

Na karɓe allin da take riƙe da shi, na damƙi wuyan hannunta, yatsuna suka zagaye shi har da saura. Har bakin titi ban sake ta ba.

A asibiti nas ta ɗora ta a sikeli. Ƙanwata ta leƙa lambar ta ce, "Yaya, riƙe mini wannan, yara za su ɗiga."

Na ce, "Likita zai fara gani. Wuce mu je."